Kejin Katako Na Hawainiya: Yadda Ruwa Ya Ci Na Farko, Da Yadda Aka Kare Na Biyu

Hawainiyar da wannan bayani ya shafa ta shigo gidanmu da ke Zariya ne a watan Afrilu, a cikin kwalin taliya, bayan ƙanena, wanda ke karatun ilimin halittu, ya karɓe ta daga hannun yaran unguwa da suka harbo ta da danƙo daga kan darbejiya. Irin ta yankinmu ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, mai yaɗuwa a ƙasashen Sahel har zuwa kwarin kogin Nilu. Ƙafarta ta baya ta hagu ta lalace, yatsun sun daina kama reshe, kuma hawainiyar da ba ta iya riƙo sosai ba za ta yi kwana da yawa a kan bishiya ba kafin shaho ko kyanwa su same ta. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa muka amince a ajiye ta. A ganina lafiyayyar hawainiya wurinta daji, kuma cinikinta tsakanin ƙasashe ma yana ƙarƙashin ƙa'idojin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, saboda haka kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin kira ga kowa ya je ya kamo.

Wanda bai taɓa kiwon hawainiya ba zai yi mamakin yawan ruwan da ke shiga kejinta. Ba ta san ruwan kwano ba. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye, shi ya sa dole mai kiwonta ya yi wa ganyayen kejin feshi safe da yamma har su riƙa ɗiga, ya kuma rataya gora mai ɗan ƙaramin rami a sama domin ruwa ya riƙa sauka kan ganye da rana. Da muka auna abin da muke zubawa, mun samu kusan lita 1 a kullum, wato kusan lita 30 a wata. Abin da dabbar ke sha daga ciki bai taka kara ya karya ba. Sauran duk yana gangarowa ne ta jikin katako ya taru a ƙasa.

An ba wani kafinta na kusa da mu aikin kejin farko: faɗi santimita 60, zurfi 60, tsawo 120, girman da masu kiwon manyan hawainiyoyi a Turai da Amurka suka fi amfani da shi. Ya yi ƙashin kejin da farin katako, ya sa ragar alminiyam a gaba da gefe biyu da sama, ya rufe baya da filawud mara kauri, ƙasan kuma ya shimfiɗa allon nan na garin katako da ake kira MDF. Ya shafe shi da banish mai mai, irin wanda ake sirkawa da tina, shafa biyu, ya yi ƙyalli gwanin sha'awa. Bayan kwana 2 muka taɓa muka ji ba ya kama hannu, sai muka sa tukunyar fulawa da rassa muka shigar da hawainiya. Warin banish yana nan, amma mun ɗauka iskar baranda za ta tafi da shi.

Alamar farko ta bayyana a allon ƙasa wajen mako na shida. Gefunansa suka kumbura kamar burodin da ya faɗa a shayi, banish ɗin da ke kai ya tsattsage, ruwa ya samu hanyar shiga ta ko'ina. Zuwa watan Agusta, lokacin da damina ta yi nisa kuma babu abin da ke bushewa a baranda, baƙar fumfuna ta kama kusurwoyin ƙasa huɗu, ta fara hawa bayan kejin. Wata safiya ƙanena ya kira ni, ya ce, "Yaya, zo ka duba idonta, tun jiya ba ta buɗe na dama ba." Na same ta a ƙasan reshe, launinta ya yi duhu, baki a ɗan buɗe, kai a ɗage sama, kuma fara uku da aka sa mata tun shekaranjiya suna nan suna yawo. Hawainiya mai lafiya ba ta rufe ido da rana, kuma buɗe baki tare da ɗaga kai a lokacin da ba zafi ake yi ba alama ce ta wahalar numfashi. Likitan dabbobin da muka kai ta wurinsa ya ba da magani, amma kafin maganin abin da ya fara cewa shi ne a fitar da ita daga wannan keji a ranar.

Da muka kwance kejin a tsakar gida sai muka ga abin da ba mu sani ba. Ƙafafuwan huɗu da sandunan ƙasa duk baƙaƙe ne a ƙarƙashin banish, suna da maiƙo, kuma banish ɗin yana ɓarewa daga kansu kamar ɓawon albasa. Da aka tambayi kafintan bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Malam, farin katako ne fa. In ba a shafa masa baƙin mai ba, gara za ta cinye shi kafin damina ta fita." Gaskiya ya faɗa game da gara, kuma abin da ya yi shi ne abin da ake yi wa katakon rufin ɗaki da na shago tun da daɗewa, kyautatawa ya nufa. Laifin namu ne da ba mu yi masa bayanin abin da zai zauna a ciki ba. Tsohon man inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa masu guba da ragowar abin da ya ƙone a cikin inji, kuma ba ya bushewa har abada, shi ya sa babu fenti ko banish da zai kama jikin katakon da ya sha shi. Ke nan baƙin man ya yi ɓarna biyu: ya sa guba a wurin da ruwan sha ke gangarowa, ya kuma hana abin da aka shafa domin tare ruwan zama.

A nan ne ainihin wahalar wannan aiki take, kuma ita ce ta sa na ga ya kamata a rubuta shi. Kusan duk abin da mutane suka ƙirƙiro domin hana katako ruɓewa yana aiki ne ta hanyar kashe wani abu mai rai, ko fumfuna ko ƙwaro. Maganin gara da ake shafa wa katako maganin ƙwari ne. Katakon da ake dura wa magani da ƙarfin inji, mai launin kore-kore, a da ana yin sa ne da haɗin tagulla da kuromiyam da asanik, wanda aka daina amfani da shi a yawancin aikin gidaje a Amurka daga ƙarshen 2003, kuma wanda ya maye gurbinsa ma tagulla ce ginshiƙinsa. Fentin waje da banish na waje sau da yawa ana zuba musu maganin fumfuna. Silikon, wato ƙaron nan mai kama da roba da ake toshe mahaɗa da shi, irin wanda aka rubuta cewa na banɗaki da kicin ne, shi ma da maganin fumfuna a cikinsa. Duk waɗannan ba su da wata illa ta a-zo-a-gani ga mutumin da ke wucewa ta gefensu, amma hawainiya tana kwana tana wuni a ciki, tana lasar ruwa daga jikin abin da aka shafa, tana cin farar da ta yi yawo a kansa, jikinta kuma ƙarami ne ƙwarai. Akwai ma itatuwan da su kansu ba su dace ba, irin su sida (cedar) da fayin (pine) masu ƙamshi, saboda man da ke cikinsu yana damun numfashin dabbobi masu rarrafe.

Kuskure na biyu shi ne rashin bambancewa tsakanin bushewa da nuna. Banish yana daina kama hannu a cikin sa'o'i ko kwana ɗaya, domin abin sirkin da ke samansa ya tashi, amma cikinsa bai gama ƙanƙarewa ba, kuma yana ci gaba da fitar da tururi na makonni. Ga irin mai mai, ana lissafin kusan kwana 30 kafin ya nuna sosai, in yanayi ya yi kyau. Mu kwana 2 muka ba shi. Hancin mutum yana sabawa da wari cikin ɗan lokaci ya daina jinsa, kuma rana in ta bugi katakon sai tururin ya ƙaru daidai wurin da hawainiya ke zama shan hantsi. Ko tururin banish ko ƙurar fumfuna, kowannensu ya isa ya kumbura mata ido ya taɓa huhunta, kuma mun haɗa mata duka biyun.

Aka ƙona tsohon katakon a nesa da gida, ban da ragar, wadda aka wanke da sabulu aka ajiye. Hawainiya ta koma wani keji na wucin gadi da ƙanena ya haɗa da bututun roba na famfo da ragar taga. Ya so ya yi amfani da wani gidan sauro da ke ajiye, sai muka tuna cewa gidajen sauron da ake rabawa an yi su ne da maganin sauro a cikin zarensu, kuma wannan jinsin magani yana iya kashe dabbobi masu rarrafe. Da an yi haka, da an tsere wa rami an faɗa rijiya.

Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya na abin shafawa, sai da muka zauna da kafintan muka sake tsarin kejin, domin na gamsu cewa babu abin shafawar da zai ceci katakon da ruwa ke kwana a kansa kullum. Fumfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa samun gindin zama sai laimar cikin katako ta haura kusan kashi 20 cikin 100 ta daɗe a haka, don haka abin nema shi ne ruwa ya taɓa ya wuce. Aka yi ƙashin sabon kejin da jan katako na maɗaci wanda ya daɗe a rumfa ya bushe, kuma ƙanena ya je da kansa ya tsaya aka yanko shi domin tabbatar da cewa ba a shafa masa komai ba. Ƙasan aka yi shi da filawud mai kauri irin na jirgin ruwa, tare da sanin cewa gam ɗin da ya haɗa shi ne kaɗai ba ya jin ruwa, itacen kansa yana sha kamar kowane itace. Aka karkata shi da kusan santimita 2 zuwa kusurwa ɗaya ta baya, aka huda rami a can aka sa bakin bututun roba irin na tankin ruwa, wanda ke zubarwa cikin bokiti a ƙasa. Bayan kejin, inda feshi ya fi bugawa, aka lulluɓe shi daga ciki da farin allon roba irin na silin. Ƙafafuwan aka ɗora su a kan takalman roba, aka kuma matsar da kejin daga bango, wanda hakan ya magance fargabar kafinta game da gara, tunda gara daga ƙasa ko bango take gina hanyarta, kuma hanyar da ke fili ana ganinta a share.

Kafintan ya kawo shawarar fentin mota, yana cewa ruwa ba ya yi masa komai. Ba mu karɓa ba, saboda yawan tina da ke cikinsa da kuma haɗarin sinadarin da ake zuba masa domin ya ƙanƙare, ga shi kuma katako yana kumbura yana tsukewa da sauyin yanayi, abin da ƙarfen mota ba ya yi. Man itace da kakin zuma, waɗanda wani abokin ƙanena ya ba da shawara saboda ba su da guba, ba za su iya da ruwan kullum ba. Muka tsaya a kan abu uku, kowanne da wurinsa: ifoksi, wato abin shafawar da ake haɗa ruwa iri biyu su ƙanƙare kamar roba mai tauri, a ƙasa da kuma santimita 20 na farko na sandunan, foliyuretan mai ruwa, wato banish ɗin da ake sirkawa da ruwa, a sauran ƙashin kejin, sai silikon na akwatin kifi a duk mahaɗa. Samun ifoksin da ya dace ya ɗauki makonni, domin wanda ya fi yawa a kasuwa na daɓen ƙasa ne mai abin sirki, ko kuma baƙin nan mai haɗin kwalta. Wanda ake nema shi ne wanda aka rubuta cewa ba shi da abin sirki ko kaɗan, kuma an yi shi ne domin tafkin kifi ko tankin ruwan sha. Wasu gwangwanayen suna ɗauke da shaidar NSF 61, wadda ake ba kayan da suka dace su taɓa ruwan sha. Dalilin da ya sa ba a shafe kejin duka da shi ba shi ne tsada, da kuma cewa hasken rana yana sa shi ya yi rawaya ya fara gari a hankali, alhali saman kejin dole ya sha rana, tunda hawainiya tana buƙatar UVB, wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, domin jikinta ya sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

An yi shafar ne a watan Nuwamba, kafin a haɗa sassan, kuma wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci a wurina. Bakin katako, wato inda zarto ya yanke, yana zuƙar ruwa ninkin-ba-ninkin fiye da gefensa, domin jijiyoyin itacen a buɗe suke a nan kamar bakin tsinkayen kara. A kejin farko waɗannan bakuna suna ɓoye a cikin mahaɗa, babu abin da ya taɓa su, kuma daga nan ruɓewar ta fara. A wannan karon kowane baki sai da ya sha ifoksi har ya daina zuƙa, aka huda ramukan ƙusoshi tun da wuri aka ɗiga musu shi a ciki, aka kuma yi amfani da ƙusoshin murɗawa na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mun yi wani kuskure a nan wanda ya ci mana mako guda. A haɗi na biyu ƙanena ya auna ruwan ifoksin da mahaɗinsa da ido, bai kuma kankare gefen kofin ba yayin motsawa. Bayan kwana 3 wani wuri mai faɗin tafin hannu a allon ƙasa yana nan yana danƙo. Ifoksi ba bushewa yake yi ba, sassan biyu ne ke haɗuwa su zama abu ɗaya mai tauri, kuma in awon bai yi daidai ba, ragowar da ba ta samu abokin haɗi ba za ta zauna a haka komai daɗewa. Ita ce kuma mai cutarwa, ga dabba da ga fatar mai aikin. Ƙara shafa a kai ba ya gyara shi. Aka kankare wurin har zuwa itace, aka goge da samfefa, aka sake. Daga nan da sirinji biyu muke awo bisa abin da aka rubuta a gwangwani, a motsa na minti 3, da safar hannu, kuma kaɗan-kaɗan, domin in an haɗa da yawa a kofi ɗaya yana ɗaukar zafi ya daskare kafin a gama shafawa. Shafa uku aka yi wa ƙasan.

Hunturu ya taimaka ta wani gefe ya kawo cikas ta wani. Foliyuretan mai ruwa yana bushewa da sauri ƙwarai a busasshiyar iska har sawun buroshi ya fito, ƙura kuma tana sauka a kansa, saboda haka da asuba ake shafawa a cikin ɗakin da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, shafa huɗu marasa kauri, ana bi da samfefa mai laushi a tsakani. Silikon kuwa da laimar iska yake nuna, kusan milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya in akwai laima, don haka a hunturu ya fi jinkiri. Shi aka sa a ƙarshe bayan an haɗa kejin, domin babu abin da ke kama jikin silikon in ya riga ya nuna. Irin na akwatin kifi yana fitar da wari mai kaifi kamar na ruwan khal yayin da yake nuna, kuma gushewar wannan warin alama ce mai amfani.

Daga shafar ƙarshe muka ƙirga kwana 30 cur, kejin yana inuwa a wurin da iska ke kaɗawa, ƙofarsa a buɗe. Ƙanena ya ƙosa tun a mako na biyu, ganin kejin wucin gadin ya yi wa hawainiya ƙanƙanta, amma ban yarda a rage ko kwana ɗaya ba. Bayan nan aka yi gwaji uku. Aka toshe bututun aka zuba ruwa ya kwana a ƙasan, da farar takarda a shimfiɗe a ƙarƙashi, da safe takardar tana nan a bushe. Aka naɗe kejin duka da leda aka bar shi a rana na sa'o'i 3, sannan aka kira mahaifiyarmu, wadda ba ta shiga ɗakin aikin ba ko sau ɗaya kuma hancinta bai saba da warin ba, ta sa kai ta shaƙa. A karon farko ta ce tana jin ɗan wari a kusurwar bututu, inda silikon ya fi kauri, sai aka ƙara mako ɗaya aka maimaita, ta ce babu komai. Na ukun shi ne sa fara da gyare a ciki na kwana 3 tare da ganye da feshi. Rayuwarsu ba hujja ce cikakkiya ba, amma da sun mutu da ya zama gargaɗi bayyananne. A ƙarshe aka wanke ciki da ruwan ɗumi sau biyu, domin ifoksi kan bar wani ɗan maiƙo a samansa wanda ruwa ke ɗaukewa.

Ba a zuba ƙasa ko yashi a kan allon ba, domin ruwa ya samu hanya kai tsaye zuwa bututu, tukunyar shuka kuma aka ɗora ta a kan ɗan marfin roba mai ƙafafu. Shukar da aka sa 'yar gidan su rama da yakuwa ce, fulawar nan mai jan fure da ake dasawa a shinge, wadda ba ta da guba in dabbar ta ciji ganyenta. An wanke saiwarta aka sake mata ƙasa saboda maganin ƙwarin da masu sayar da fulawa ke fesawa. Rassan hawa kuwa ba a shafa musu komai ba, an wanke su an shanya, kuma ana sauya su in sun fara baƙi.

Hawainiya ta shiga sabon kejin a farkon watan Janairu, idonta biyu a buɗe, kuma ta harbo fara da harshenta a rana ta biyu. Yanzu kejin ya ga damina guda cikakkiya. Bokitin yana cika kusan rabi a mako, ana zubarwa a wanke, kuma duk ranar Juma'a ƙanena yana bin mahaɗan da yatsa yana neman inda silikon ya ɗaga. A watan Satumba ya samu wuri ɗaya a sandar ƙofa, inda faratanta suka kankare foliyuretan har katakon ya fara duhu. An mayar da ita kejin bututun roba, aka busar da wurin, aka goge, aka sake shafa uku, kuma ta yi wata guda a can kafin a dawo da ita.